Bazazzage da silinda mai kilo 50

Malam, gaisuwar ubangida ga bawansa. Ina fata gurasarmu tana karɓar ka, don na lura tun da ka baro Tudun Wadan Zariya ka kama aiki a Sharaɗa wuyanka ya fara cikowa, abin da faten tsaki ya yi shekaru yana ƙoƙari bai iya ba.

Labari ya iso ni, kuma ba bakin mutum ɗaya ya kawo shi ba, wai ka sayi tukunyar gas. Da farko na yi hamdala. Na ce to, ƙanwata da muka ba ka aure saboda tausayi za ta huta da hura gawayi da jan ido, bangon kicin zai huta da baƙi, zaman Kano ya fara wayar da bawan Allah. Sai mai ba ni labari ya ƙara da cewa silindar mai kilo 50 ce. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ku biyar ne a gidan nan, Malam: kai, da ita, da yara uku waɗanda babbansu bai gama firamare ba. Ɗaki biyu da falo, gidan haya, a saman bene, a Ja'en. An ce sai da ƙarti huɗu suka tallabe ta kafin ta hau matakala, kai kuma kana daga ƙasa kana ba da umarni, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko gidan burodi za a buɗe a sama.

Ban yi mamaki ba. Bazazzage ko allura zai saya sai ya tambayi wadda ta fi tsawo, don a gan shi da ita.

Na san inda ka ɗauko ra'ayin. Kullum kana ratsa Sharaɗa, daga kashi na ɗaya har na uku, ta gaban masu narka roba da masu saƙa tabarma, ta wajen Dala Foods da Gongoni masu maganin sauro, idonka yana faɗawa kan dogayen tukwanen gas da aka jera a bayan ɗakunan girkin ma'aikata da rumfunan masu yankan ƙarfe. Ran da aka aike ka Bompai ka ga kamfanin fulawa na titin Maimalari, ran da ka je Chalawa ka ga masu jimar fata da kamfanin Coca-Cola, duk inda ka waiwaya abu babba ne, sai zuciyarka ta raya maka cewa haka ake yi a Kano. Haka ake yi a masana'anta, Malam. Waɗannan wurare da ma'aunin tan suke magana. Ko matar nan da ke sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfaninku, wadda na ji kana cin bashi a wurinta, ta fi ka hujjar ajiye mai kilo 50, don tun asuba tukwanenta uku suna kan wuta, kuma kafin masu aikin dare su tashi ta ciyar da mutum ɗari. Ita cinikinta ne ya zaɓa mata silinda. Kai idon maƙwabta ne ya zaɓa maka.

Bari mu fara da nauyi, tunda shi za ka fara ji a jikinka. Kilo 50 ɗin da ake faɗa nauyin gas ɗin ne kawai. Ƙarfen kansa, ba komai a ciki, yana kusan kilo 40. In an cika ta kenan kana maganar abin da ya doshi kilo 90, saura ƙiris buhun siminti biyu. Mai kilo 12.5 da ka raina, in an cika ta da ƙarfenta da komai, kilo 25 ce da ɗoriya: mutum ɗaya ya ɗaga, ya sa a adaidaita sahu a tsaye tsakanin ƙafafunsa, ya je ya dawo kafin miya ta huce. Taka fa? Acaɓa dai ka san tun watan Janairun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana haya da shi a cikin birni, kuma ko yana nan babu mai hankalin da zai goya wannan abu. Mai adaidaita zai ce sai shata, kuma sai an kwantar da ita, alhali tukunyar gas a tsaye ake ɗaukar ta. Ƙarshenta sai ka nemo akori-kura. Ka biya mai mota zuwa da dawowa, ka biya masu saukewa, ka biya masu hawarwa, sannan ka ba maigidan haya haƙuri a kan gefen matakala da aka ɓantare. Duk wannan ba a zuba gas ko na ƙwandala ba tukuna.

To, zo mu je wurin zuba gas ɗin, inda na fi so in gan ka.

A 2020 da naira dubu huɗu da 'yan kai ana cika mai kilo 12.5. Kafin ƙarshen 2024 kuɗin ya haura dubu goma sha biyar, wato kilo ɗaya ya wuce naira dubu. Kai da kuke da jami'a tun 1962, ninka min dubu ɗaya sau hamsin. Yanzu ajiye amsar kusa da mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mai da na Kano dubu 71, naku na Kaduna kuka ce 72, don dai a ce kun fi mu da dubu ɗaya, amma ga ka nan a Sharaɗa kana neman abinci. Ko da albashinka ya ninka wancan, cika wannan silinda sau ɗaya zai haɗiye abin da ya kamata ya sayi masara da mai da kuɗin makarantar yara. Ka san haka, ni ma na sani, shi ya sa har yau ba ta taɓa cika ba. An ce ranar da ka kai ta wurin masu gas yaran wurin har suna rige-rigen tarbar ka, suna Alhaji sannu da zuwa, a cika ne? Ka gyara murya ka ce a zuba na dubu uku. Babbar riga ce aska takwas, ɗinkin hannun cikin birnin Zariya, a jikin wanda bai karya kumallo ba.

Ba laifi ba ne sayen na dubu uku. Rabin mutanen Ja'en da Sabuwar Gandu da Panshekara haka suke saye, musamman 'yan aikin rana da ake sallama ƙarshen mako. Amma wanda kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan silindar da za ta je ta dawo kaɗan-kaɗan yake buƙata. Kai kana biyan kuɗin mota da ya kusa kuɗin gas ɗin da aka zuba.

Kuma tsadar nan ba daga bakin mai shagon unguwa ta fara ba, kada ka ce Kanawa ne da son riba. Gas ɗin girki daga bakin teku yake tahowa. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas tun 2007 yake samar wa kasuwar cikin gida gas ɗin girki, a ɗauko a jirgin ruwa a sauke a Legas da sauran tashoshi, wani kuma daga waje ake shigo da shi da dala. Sannan tanka ta ɗauko shi ta yi tafiyar kilomita dubu ko fiye a kan dizal, ta ratso ta Kwangila tana ɗaga muku hannu, kafin ta iso mana. Kowace gada da kowane shinge yana cikin kuɗin da ake karanta maka a sikeli. Da matatar Kaduna da aka buɗe muku tun 1980 tana aiki, da tafiyar ba ta kai haka ba, amma kun zuba mata ido ta yi ta barci. Sai da ɗan Kano, Aliko Ɗangote, ya je Lekki ya gina mai tace ganga dubu 650 a rana, ga shi har gas ɗin girki tana fitarwa. Ba gori nake yi ba, tarihi nake karanta maka.

Na ji kuma kana cika baki a majalisa wai ka sayi babba ne don in bututun AKK ya iso ka riga kowa shiri. Subhanallahi. Malam, bututun nan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna ya ƙare a Kano, wani gas ne daban zai ɗauko. Na tashoshin lantarki ne da injinan masana'antu, irin wanda masu kamfanoni a Bompai da Chalawa da Sharaɗa suke ta addu'ar isowarsa don su huta da dizal. Na cikin silindarka ruwa ne da aka matse, yana fita yana zama iska. Wancan ba ya zama ruwa da irin wannan matsi, kuma ba a ɗura shi a irin tukunyarka. Ko gobe bututun ya iso, kai da akori-kura kuna nan tare.

Yanzu ga abin da ya kamata ka yi kafin ka taka kasuwa, kuma ba ya buƙatar digiri. Ka tambayi mai girkin. Ba ka tambaye ta ba, na sani, don da ka tambaya da ba mu zo nan ba. Ita ta san sau nawa ake ɗora tukunya a rana, ta san ranar wake da ranar taliya ba ɗaya ba ne, ta san kai ne mai cewa a ɗumama maka tuwo ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Lissafin ba wuya. Kai ɗaya na murhun gas irin na gida, in an sake masa wuta sosai, yana cin wajen giram 150 a awa. Kilo ɗaya kenan yana ba da awa shida zuwa bakwai, ya fi haka in ana rage wuta bayan tafasa. Gida irin naku, shayi da ɗumame da safe, shinkafa ko ɗanwake da rana, tuwo da miya da dare, in ka haɗa awannin kawunan biyu za ka samu uku ko huɗu a yini, wani a wuta mai ƙarfi wani a kaɗan. Abin da zai tafi a rana bai kai rabin kilo ba. Mai kilo 12.5 za ta kai ku wata guda ko kusa da shi, daidai da zuwan albashi. Mai kilo 6 mako biyu. Taka, da za ta cika, wata huɗu. Wane Bakano ne zai binne kuɗin wata huɗu a cikin ƙarfe ya jingine a kicin? Mu da kuɗin za mu saro atamfa a Kwari mu juya su sau uku kafin gas ɗinka ya kai rabi.

Akwai lokutan da lissafin ke canzawa, kuma su ne ke kama mutane. Na farko sanyi. Tafasa ruwa lita biyar yana cin gas wajen giram 70. In watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, kowa a gidan yana son ruwan wanka mai zafi, kai har da na alwala, ka ninka saba'in ɗin sau biyar ko shida ka gani: ruwan wanka kaɗai ya kusa cinye abin da girkin yini ke ci. Silindar da ke yin wata sai ta ƙare a mako biyu da rabi, maigida ya hau faɗa wai mai gas ya cuce shi ko uwargida tana ɓarna, alhali shi ne ya yi wanka da kuɗin. Na biyu azumi, da kunu da ƙosai da soye-soye da sahur. Na uku kuwa naku ne na musamman: baƙi daga Zariya. Motar Unguwa Uku ta sauke mutum shida wai sun zo duba mara lafiya a asibitin Malam Aminu Kano, mara lafiya ya warke ya koma gida, su suna nan. Wannan kam ko mai kilo 50 ba ta maganinsa.

In ana son gas ya yi auki, wake a jiƙa shi tun dare, a rufe tukunya, kuma kada harshen wuta ya fi gindin tukunya faɗi, don wanda ya zagayo gefe iska yake dafawa. Wannan ƙanwata ta sani tun tana gidanmu.

Kada kuma ka ji na kushe babba ka ruga ka sayo 'yar mitsitsiya, don na san ku, ba ku da tsakiya. Na tuna zamanin gwaurancinka da 'yar kilo 3 mai kai a bisa, wadda kake dafa indomi da ƙwai kana kiran abin liyafa. Ga gwauro, ko ɗalibin Samaru, ko mai gadi a ƙofar kamfani, ita ce daidai: ba tiyo, ba regileta, ka ɗaura mata kai ka kunna. Mai kilo 6 irin wannan ƙirar ma tana da ranarta. Amma a gidan da ake tuƙa tuwo akwai magana. Tukunya tana zaune a saman silinda, a kan ƙarfe uku ko huɗu masu faɗin tafin hannu, mace ta sa muciya da ƙarfinta tana juya tuwon mutum biyar. Ina abin zai tsaya? Sai ta danne silindar da ƙafafu, zaninta dab da wuta, tafasasshen talge a saitin gwiwarta, ga yaro mai rarrafe yana zagaye. Wanda ya ƙera wannan murhu bai taɓa ganin ana tuƙin tuwon dawa ba. Gidan tuwo murhu na ƙasa yake so, mai faɗin ƙafafu, silinda tana gefe da tiyo a tsakaninsu. Kuma zafin babbar tukunya da ke sauka a kan wuyan ƙaramar silinda awa da awanni yana cinye robar bakinta, daga nan yoyo ke farawa.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne girman silinda yana tafiya da girman murhu. Ruwan gas da ke ciki sai ya jawo ɗumi daga jikin ƙarfe kafin ya zama iska. In ka haɗa ƙaramar silinda da babban murhu irin na masu suyar awara da dankali, ana jan iska fiye da yadda ƙarfen ke iya ɗumama ruwan, sai ka ga jikinta ya yi gumi ya yi sanyi ƙalau, wuta ta yi lanƙwas alhali da sauran gas. Da asubar hunturu abin ya fi tsanani. A nan ne masu wayo irin naku suke girgiza ta, ko su kwantar da ita, ko su tsoma ta a ruwan zafi. Kwantar da ita na sa ruwan gas ɗin kansa ya biyo tiyo, wuta ta yi tsalle ta kai rufi. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: babban murhu, babbar silinda. A nan kaɗai taka take da gaskiya, sai dai murhunku mai kai biyu ne na ɗorawa a tebur.

Abin da zan ba ka shawara, kyauta, ko da yake Bakano ba ya son wannan kalma: mai kilo 12.5 guda ɗaya, da mai kilo 6 a ajiye a cike. Dalili shi ne gas ba ya sallama. Ba ya ƙarewa sai shinkafa ta ɗauko tafasa, ko saura minti ashirin a sha ruwa, ko daren Juma'a da shago ya rufe. Agogon da ake liƙa wa regileta ma bai cika faɗin gaskiya ba, don matsin da ke ciki kusan ɗaya ne muddin akwai sauran ruwa, sai dab da ƙarewa allurar ke faɗuwa. Mai silinda ɗaya, ko ta kai rumbu girma, ranar da ta ƙare ya koma gawayi. Mai biyu ya juya regileta ya ci gaba da girki, gobe ya kai wadda ta ƙare. Ka tuna watan Oktoban 2025, bayan yajin aikin PENGASSAN a kan rikicinsu da matatar Ɗangote, yadda gas ya yi wuya a biranen ƙasar nan, farashi ya tashi, layi ya miƙe. Wanda ke da 'yar ajiya a gefe ya samu kwanakin da zai jira ƙura ta lafa. Kada ka ce min risho, kalanzir ya daɗe da zama abin masu hali. Kada kuma ka ce hot-filet, kai da ka ga yadda Arewa ta kwana da kwanaki a duhu a Oktoban 2024.

In iyali sun kai goma, ko ana ɗan abin sayarwa a gida, mai kilo 25 ta shigo magana. Mai 50 ta gidan gandu ce, inda ake sauke tukunya lamba talatin, ko makarantar kwana, ko gidan abinci, kuma a can ma ba a kicin take zama ba: a waje, a inuwa, cikin kejin ƙarfe mai shan iska, a jawo bututu zuwa ciki. Masu irin wannan gida suna cin ribarta, don suna saye a babbar tashar gas inda kilo ya fi na shagon unguwa sauƙi, kuma mota ke kawo musu. In kuwa auren da kake ta yi wa ƙanwata barazana da shi ya tabbata, to ka ji da kyau, kowace da silindarta. Ka haɗa mata biyu a kan tukunyar gas ɗaya, wannan ta ce waccan ta dafa ganda ranar girkinta, waccan ta ce wannan ke dafa ruwan wanki, sai ka gwammace kwana a kamfani. Amfani ɗaya na yarda taka tana da shi: ɓarawon silinda, da ya addabi unguwanni, zai leƙo ya gan ta ya yi maka Allah ya sanya alheri ya wuce.

Saura tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami da gaske, don zolaya daban, ran yaran nan daban. Shekararta nawa? An ce ta hannu ka saya, kuma da ka ga sabon fenti sai ka ce ka yi tsuntuwa. Fenti gwangwani nawa ne? Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma a riƙa gwada lafiyarta duk bayan shekara biyar. Shekarar ƙira tana nan a buge a jikin ƙarfen mariƙinta, ba a fenti ba. Ka sa tabaranka na malanta ka duba, ka ƙara goma sha biyar, ka ga ko mun wuce. In an goge wurin ko an shafe shi da walda, amsa ce ita ma. Ka kuma sa a karkata ta ka leƙa gindinta, don tsatsa daga ƙasa take ci, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya.

A wurin nan dai za ka ga haruffa TW da lamba a gabansu. Nauyin ƙarfen ne ba gas. Da shi ake kama mai ha'inci: a ɗora ta a sikeli kafin a zuba, a ɗora bayan an zuba, bambancin shi ka biya. Ni akwai wani mai shago da ya taɓa karɓar kuɗin kilo shida ya zuba min biyar, ya rantse har da dafa ƙirji, sikelin mai sayar da kaji na kusa da shi ya raba mu. Tun daga nan ba na sauke ido daga sikeli. Kai ma in kana so ka san abin da ya rage a gida, sikeli ne, ko ka zuba ruwan ɗumi a gefenta ka shafa da hannu, inda sanyi ya fara nan ruwan gas ya tsaya.

Kuma kada ka yarda da mai cewa zai danna maka ta cika maƙil don kai na gida ne. Da gangan ake barin wajen kashi ɗaya cikin biyar na cikinta ba ruwa, saboda gas yana kumbura in ya ji zafi. A garin da Afrilu ke haura digiri 40, silindar da aka cika har wuya aka bari a rana ko a but ɗin mota ba ta da wurin numfashi. Wannan gyara ba irin gyaran mai ƙosai ba ne, a bar musu kayansu.

Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu. Asalinsa ba shi da wari, warin ruɓaɓɓen ƙwan nan da gangan aka sa masa don hanci ya yi gadi. Ranar da kuka ji shi, a rufe regileta, a buɗe taga da ƙofa, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da yara. Neman wurin yoyo da kumfar omo ake yi, a shafa a bakin silinda da mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai nan ne. Na faɗi wannan ne don na ji an ce wani mutumin Kusfa ashana ya ƙyasta don ya gani da idonsa, ilimi ya yi yawa. Tiyo kuma in ya fara tsagewa ko ɓera ya ɗanɗana shi a canja, ba a ɗaure shi da leda. Yanzu ka auna: yoyon kilo 6 a tsakar gida da yoyon abin da ka ajiye a kicin ɗin saman bene mai taga ɗaya, kusa da ɗakin da yara ke kwana.

Ga yadda za a yi. Ka duba shekarar nan yau, ka aiko min da hotonta. In ta wuce wa'adi, ba mai sayen ta da sunan girki, ba kuma zan bari ka liƙa wa wani ba. A kai wa masu gas su sauke abin da ke ciki su cire bakinta, 'yan gwangwan su auna ƙarfen, asarar kuma ka rubuta ta a babin kuri. In da sauran shekaru a gabanta, na riga na yi magana da wata mai abinci a bakin wani kamfanin fata a Chalawa, tana neman irinta. Za ta ba ka sabuwar mai 12.5 da mai 6, da cikon kuɗin da zai cika maka su duka biyun, karo na farko a tarihin gidanka. La'adata kashi goma, kuma daga wajenka za ta fito, don ita Bakanuwa ce, ba a cin na gida. Ka haɗo da kuɗin sharar bara, da ka ga watan Cika-ciki ya kama ka tsere Zariya wai ana taron dangi. Ba na karɓar alkawari, ba na karɓar addu'a a madadin kuɗi. Lambar asusuna tana wurin ƙanwata.